Ukasha Mai Gugar Tafet

Wasu in sun je birni sukan dawo da jari, wasu da ciwo. Ukasha da baki ya dawo. Damina ɗaya ya yi a wani garejin babura a Kaduna, inda aikinsa bai wuce wanke ƙarafa da fetur da miƙo sifana ba, amma ranar da ya sauka a Makarfi da akwatin ƙarfe a kafaɗa sai ya sanar da cewa daga yau Injiniya za a riƙa kiransa. Mutane suka kira shi, tunda kiran bai rage wa kowa tuwon dare ba.

Abin da ya sa a gaba kuwa rumfar bakin tasha ce. Rumfa ce ta kwano mai daɓen siminti, mallakar ƙungiyar 'yan acaɓa, kuma makanikin da ke cikinta ya kwashe kayansa ya koma Zariya. Duk wanda aka ba ta, to mashinan tashar nan kaf sun zama nasa. Ukasha ba shi da gona, bai iya ciniki ba, kuma matarsa Rahama ta gaji da yin tuntuɓe da akwatin nan a tsakar gida. Tun kafin ya nema ya riga ya gaya mata, ya gaya wa danginta na Paki, cewa an ba shi rumfar, makulli kawai yake jira. Rumfar ko ƙofa ba ta da ita.

A gefen rumfar, cikin rana, Indo ke suyar awara. Dattijuwa ce da ba a kayar da ita a magana, kuma ta daɗe tana roƙon a bar ta ta matsa cikin inuwar ana ce mata wurin na makaniki ne. Saboda haka tun ranar da ta ga Ukasha yana zagaya rumfar yana ƙwanƙwasa ginshiƙanta, ta sa masa ido.

Da hantsi ya sami Mamuda, ciyaman ɗin 'yan acaɓa, zaune a kan benci kusa da jan mashin ɗinsa. Mamuda mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki, kuma kowa ya san yadda yake ji da mashin ɗin nan, domin shi ne gonarsa, shi ne ofishinsa.

"Ciyaman, barka da hantsi. Ya aiki, ya jama'a, ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Ukasha."

"Injiniya," ya gyara masa cikin ladabi, sannan ya karkata kai wajen mashin. "Wannan kas-kas ɗin da nake ji tun daga masallaci in kana tahowa, tafet ne. Ni ko barci nake na ji shi na gane."

Duk tashar ba wanda bai san tafet ba ne, har da Indo. Mamuda ya zaro wata 'yar leda daga aljihu.

"Na sani. Ga sabo ma na sayo a Zariya, mai sawa ne babu. Jibi za mu Kudan sunan ɗan Yahuza, ni zan ja ayari, ni zan ɗauki ragon ƙungiya. In ka sa shi ya kai ni ya dawo da ni lafiya, rumfa taka ce."

"Jibi ai ya yi nisa, ranka ya daɗe. A Kaduna ido rufe nake sa irinsa. Zan mayar maka da shi yadda in ka tayar sai ka kara kunne a tanki kafin ka san yana aiki."

Indo ta juya awararta ta ce, "Ciyaman, ka yi sallama da mashin ɗin tukuna kafin ka miƙa."

"Inna, ki ji da kaskonki. Wannan harkar ilimi ce."

"Ina ji da shi, ɗan nan. Tunda nake suya bai taɓa ƙin tashi ba."

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, tafet wani ɗan ƙarfe ne mai santsi da bai wuce yatsa ba. Hawa yake da sauka a cikin gurbinsa, yana tura bawul ya buɗe don mai ya shiga, hayaƙi ya fita. Ba a so ya cije, ba a so ya yi lilo. Sabo in ya ɗan matse, samfefa mai laushi ake ɗiga wa mai a shafa shi sama-sama, a gwada, a sake shafawa, a sake gwadawa. Aikin haƙuri ne. Ranar da aka nuna wannan a garejin Kaduna, an aiki Ukasha sayo shayi.

Ya shimfiɗa buhu a tsakiyar rumfa, ya jera sifanoni daga babba zuwa ƙarami, ya jira har 'yan kallo suka taru sannan ya kwance inji. Da ya ciro tsohon tafet sai ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya yi tsaki, ya wurga shi cikin kwatar bayan tasha. Ya ɗauko sabon ya zura a gurbi. Ya shiga rabi ya tsaya.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Kamfani bai ƙarasa aikinsa ba. Shi ya sa ake neman irinmu."

Ya zaro samfefa irin ta kafintoci, mai kaushin da ake goge katako da ita, ya kama guga. Da ya yi biyu-uku ya gwada, da labarin ya ƙare a nan. Amma ga jama'a sun zuba masa ido, ga labarin Kaduna ya zo masa baki: yadda ya gyara mashin ɗin wani babban soja ta waya, yadda ogansa ya yi kuka ranar da zai taho. Baki na tafiya, hannu na tafiya. Da labarin ya ƙare ya duba ƙarfen ya ce gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ya tsallaka wajen mahauci ya ari dutsen wasa wuƙa. Da ya gama da dutse ya ce ɗaya gefen ne yanzu ya yi kauri, ya nufi shagon mai walda. Can ya kara shi a injin gurzar ƙarfe, tartsatsi na tashi, shi kuwa yana waiwaye ya ga ko ana kallonsa daga tasha.

Ya dawo yana hura shi, ya saki a bakin gurbi. Ƙarfen ya faɗa ciki ya yi ƙwal, ya ci gaba da rawa.

"Ya shiga?" Indo ta tambaya.

"Ya shiga."

"Na ji shigarsa daga nan. Na ɗauka cokali ne ya faɗa kwano."

"Wannan shi ake kira numfashi, Inna. Ƙarfe ma yana son iska."

"To ka ba shi taga ma."

'Yan acaɓa suka yi dariya, Ukasha ma ya taya su, amma gumi ya fara keto masa ta bayan kunne. Allah ya taimake shi Mamuda ya tafi sulhunta wata rigimar layi. Ya matsa wajen Indo ya sassauta murya ya ce ko tana da gwangwanin tumatir wanda ta gama da shi. Ta miƙa masa tana bin sa da kallo. Ya yanko siririn gwangwani, ya yanke a yatsa garin yankan, ya naɗe tafet ɗin da shi ya ɗora a gurbi. Ya ƙi shiga. Ya sa guduma. Ya shiga ya ƙi motsi. Ya juya injin ya sa ƙusa ta ƙasa ya yi ta duka har abin ya fito a tanƙware, ya bar wa gurbin zane a ciki.

Nan ya tuna da tsohon tafet ɗin da ya wurgar. Ya ce wa jama'a zai kama ruwa, ya zagaya bayan tasha. Ya jima. Da ya dawo hannunsa baƙi ƙirin har gwiwa, ƙudaje na biye da shi, ba tafet.

"Ruwan da nisa ya sauka, Injiniya," in ji Indo.

Ya lulluɓe injin da buhu, ya ce irin wannan aikin sai ƙarfe ya kwana ya huce.

A zauren gidansa akwai mashin ɗin Hamisu, yayan Rahama. Hamisu ya zo da shi daga Paki ya ajiye, ya bi motar tumatir zuwa Kudu. Da la'asar Rahama ta ji ƙarar sifana a zaure, ta leƙo ta tarar da mijinta tsugune, cikin mashin ɗin yayanta a buɗe.

"Malam, me kake yi wa mashin ɗin Yaya Hamisu?"

"Dubawa nake. Mashin in ya daɗe a ajiye yana so a duba shi."

"To me ka sa a aljihu?"

"Aro ne, Rahama. Ɗan ƙarfe ne guda. Kafin ya dawo na mayar."

"Amana ya bar mana fa. Da shi yake kai kaya kasuwar Ikara."

"Da na karɓi rumfa sabon inji zan sa masa, ya riƙa kai kaya har Kano. Ke dai ba ki san wa kika aura ba."

"Ina kan sani," ta ce, ta koma ciki. Da safe ta nemi maburginta ta rasa, ta nemi rariya ta rasa.

Mashin ɗin Hamisu wani samfuri ne daban, tafet ɗinsa ya fi na Mamuda kauri. Mai hankali zai tsaya nan ya je ya faɗa wa Ciyaman gaskiya, a sayo wani. Ukasha kuwa sai ya ga hikima ta zo masa. Jiya ƙarfe ya goge ya sha wuya, to yau gurbin zai goge. Ya naɗa samfefa a jikin maburgi. Ya tankaɗe yashin rafi da rariyar Rahama, ya kwaɓa da baƙin mai, ya ce wannan shi ne man guga na asali wanda Turawa ke ɓoyewa. Ya zauna ya matse injin tsakanin gwiwoyinsa, ya zura maburgin a gurbi, ya kama murzawa da tafin hannu biyu.

Indo ta bar suya ta zo ta tsaya a kansa.

"Miyar kuka ce ko kuɓewa?"

"Inna, ki matsa, kina tare min haske."

"Ka ƙara daddawa dai, ban ji ƙamshi ba. Wannan ba maburgin Rahama ba ne? Na san shi, tare muka saya."

"Na'ura ce. Kama ce kawai suka yi."

Ya murza, ya murza, har ƙarshen maburgin ya karye ya faɗa ciki. Ya leƙa bai gan shi ba, ya yanke hukuncin cewa itace ba ya cutar da ƙarfe. Da ya zo gwaji, gurbin ya buɗe baki ya yi faɗi ta sama, ta ƙasa ya karkace, tafet ɗin Hamisu da ya ƙi shiga da safe yanzu yana yawo a ciki. Ukasha bai karaya ba. Ya yanko sauran gwangwanin jiya ya yi masa zani, ya cika gurbin da giris mai kauri, ya danna. Wanke yashi kuwa bai ko zo masa a rai ba.

Saura ɗaurin ƙarshe. A saman inji akwai ɗan noti da ake daidaita 'yar ratar da ke tsakanin abin turawa da kan bawul. Wani ɗan acaɓa da ke kallo ya ce, "Makanikin da ya tafi dai reza yakan zura a tsakani, ya bar mata wurin wucewa."

"Reza ta masu aski ce," in ji Ukasha. "Wannan ratar ita ce ke kawo ƙara. Shi ya bar muku rata don ku riƙa dawowa. Ni rufe ta zan yi gaba ɗaya."

Ya ɗaure har ya ƙara. Ratar nan kuwa ba don ado ake barinta ba. Ƙarfe in ya yi zafi kumbura yake, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya tokare bawul ya hana shi rufuwa. Duk wanda ya taɓa zama a gareji da kunnensa a buɗe ya san wannan, amma Ukasha bakinsa ne ya zauna a buɗe.

Ya haɗa inji, ya sa aka kira Mamuda, ya sa aka yi shiru. Ya buga kik. Mashin ya tashi, kuma wallahi babu kas-kas. Giris ya toshe komai, noti ya danne komai, sai wani gurnani mai laushi. Mamuda ya sunkuya ya saurara, fuskarsa ta saki. Kafin injin ya ɗumama Ukasha ya kashe.

"Kar a gajiyar da shi. Sabon aiki ne."

"Lallai ka yi ƙoƙari, Injiniya," in ji Mamuda. Wannan ne karo na farko da ya kira shi haka, kuma daɗin da Ukasha ya ji sai da ya kusa sa shi hawaye.

Ya juya wajen Indo. "Inna, ba ki ce komai ba."

"Ni ma kaskona da sanyi ba ya ƙara. Bari ya ji wuta."

Ranar suna da sassafe ayari ya haɗu a tasha. Mamuda ya sha farar babbar riga. Ukasha ya zo da shuɗiyar rigar aiki wadda ya sa aka goge, ya ce shi zai zauna a baya ya riƙe ragon, domin ya riƙa sauraren inji, kuma mutanen Kudan su ga mai aikin da idonsu. Aka ɗora masa rago a cinya, ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa. Suka ɗauki hanya, Mamuda a gaba, sauran na biye suna oda.

Da farko abin gwanin sha'awa. Ukasha na ɗaga wa mutanen bakin hanya hannu, yana nuna inji, yana nuna ƙirjinsa. Suna shiga tsakanin gonakin rake mashin ya fara nauyi. Mamuda ya murɗa totur, injin ya amsa a kasalance.

"Injiniya, me nake ji?"

"Sabawa yake, ranka ya daɗe. Sassan suna gaisawa da juna."

Aka ƙara gaba, mashin ya yi atishawa ta kafireto. Rago ya zabura. Aka rage giya, aka sake ragewa, ayari duka ya taru a bayansu yana tafiyar jana'iza tunda ba mai wuce Ciyaman. Wani dattijo a kan keke da damin rake a baya ya cim musu, ya jera da su ya gaishe da Mamuda, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce shi zai yi gaba don yana sauri. Ya wuce su.

"Wannan ƙaurin fa?" in ji Mamuda.

"Ragon ne."

"Rago yana ƙaurin gwangwani?"

"Ya danganta da abin da ya ci."

A haka suka rarrafa har cikin Kudan. A ƙofar gidan Yahuza an shimfiɗa tabarmi, liman da dattawa na zaune, ga farantan goro da dabino, ga bokitan kunu, rana ta ɗaga, kowa ragon yake jira. Ukasha ya hango taron, sai girman kansa ya motsa.

"Ciyaman, kar mu shiga kamar marasa lafiya. Ja kuloc ka murɗa totur ɗin sosai ka sake. Zai wartsake."

Mamuda da kunyar makara ta ishe shi ya murɗa. Salansa ta yi wata ƙara kamar an harba bindigar toka. Wani abu ya yi ƙarar karyewa a cikin inji, baƙin mai ya yi feshi a gaban farar riga, mashin ya mutu a tsaye. Rago bai jira bayani ba. Ya daka tsalle, igiya na hannun Ukasha, ya fizgo shi ƙasa ya ja shi ta tsakiyar tabarmi. Suka bi ta kan goro, suka kifar da bokitin kunu, dattawa na tattara riguna suna salati. Sai a gaban liman aka danne ragon. Ukasha na kwance a bayansa, kunu na ɗiga daga gemunsa, hularsa na can cikin farantin dabino.

Liman ya dube su ya ce, "Wanne ne na sunan?"

Ukasha ya miƙe yana kakkaɓe jiki. "Man da aka sha ne, jama'a. Gauraye ne. Kuma iskar Kudan ta fi ta Makarfi nauyi, ni a kan iskar Makarfi na saita shi."

Mamuda ya taka kik, kik ɗin ya tafi ƙasa sakwaf ba tare da ya riƙe komai ba. Ya sake takawa, wannan karon ya cije ya ƙi motsi. Ya dubi rigarsa, ya dubi mashin ɗin da yake ci da iyalinsa a kai. Bai ɗaga murya ba.

"Za a gama suna. Sannan za mu koma, ka buɗe shi a gaban kowa."

Akori-kurar rake ce ta mayar da mashin ɗin Makarfi, Ukasha na zaune can saman kaya yana rungume da shi, 'yan acaɓa na biye suna oda har tasha. Labari ya riga su isa. Mahauci ya bar teburinsa, mai walda ya kashe injinsa, masu jiran mota suka fasa tafiya. Aka sauke mashin a tsakiyar rumfa.

Ukasha ya yi ta jan lokaci, yana cewa inji mai zafi ba a buɗe shi, alhali ya huce tun Kudan. Mamuda ya miƙa masa sifana da hannunsa. Da murfi ya tashi, abin da ya fara fitowa wani baƙin kwaɓi ne mai ƙaiƙayin yashi. Sai siririn gwangwani a murɗe, da sauran hoton tumatir a jikinsa. Sai guntun itace a ƙone. Bawul ya cinye ta gefe ɗaya, gurbin tafet kuwa ya tsage. Daga ƙarshe aka zaƙulo tafet ɗin kansa, ya yi shuɗi don zafi. Mamuda ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan ba shi na sayo ba. Ina nawa?"

"Wannan ya fi naka inganci, ranka ya daɗe. Na musamman ne, daga cikin ajiyata."

"Daga cikin zaure dai," in ji Indo. "Rahama ta zo nan ɗazu neman maburginta. Na mashin ɗin yayanta ne, Ciyaman. Naka kuma ga shi can a ƙasan akwati, ya koma tsinken sakace."

Aka zazzage akwati, ga shi kuwa a tanƙware. Dariyar da aka yi har bakin kasuwa an ji ta. Mai walda ya ce shi dai ya gaya masa ya isa. Mahauci ya ce a biya shi dutsensa da aka yi wa rami. Wani ya ɗaga guntun maburgin ya tambaya ko akwai mai miya a kan wuta.

"Ku ba ku san bincike ba," in ji Ukasha. "A Kaduna haka ake gano sabon abu. Ciyaman, ka ba ni mashin ɗaya kacal in sake gwadawa. Yanzu na gano inda matsalar take."

"Mu ma mun gano," in ji Mamuda.

Nan bakin Ukasha ya mutu, karo na farko tun saukarsa garin. Tsoro ya kama shi sosai, domin ya ga inuwar nan da daɓen nan suna fita daga hannunsa, kuma ba shi da wani abin da ya dogara da shi. Ya matsa kusa ya yi ƙasa da murya, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Ciyaman, don Allah ka rufa min asiri. Na riga na gaya wa surukaina an ba ni."

"Ni ma na gaya wa iyalina mashin ɗina zai dawo." Mamuda ya juya. "Inna Indo, shigo da kaskonki. Gara mu riƙa tura mashinanmu Ikara, mu dawo mu ci awara a inuwa."

Indo ba ta jira a maimaita ba. 'Yan acaɓa suka ɗauko mata murhu da benci da bokitin awara. Ta ɗauki tsintsiya ta fara share daɓen tun daga kusurwa, tana tura yashi da gwangwani da sifanoni waje, har ta iso inda Ukasha ke tsaye.

"Ɗaga ƙafa, Injiniya."

Ya ɗaga. Ta dube shi, rigar nan da aka goge ta bushe da kunu, sai ta ɗan sassauta.

"In zaman banza ya ishe ka, ka riƙa zuwa da safe kana goge min kasko, tunda guga ce sana'arka." Ta dubi injin Mamuda da ke kwance, ta dubi kaskon. "A'a, bar shi. Shi kaɗai gare ni."

Ukasha ya tsince sifanoninsa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya saɓa akwati. Ya kai bakin titi ke nan ta ɗaga murya daga cikin inuwa.

"Af, na manta. Rahama ta ce in gaya maka Hamisu ya dawo. Tun azahar yake buga kik a ƙofar gidanka."

Ukasha ya tsaya da akwati a kafaɗa. Ya dubi hanyar gida, ya dubi motar Kaduna da ke lodi a tsallake, ya laluba aljihunsa bai sami komai ba sai ragowar samfefa. Ya kama hanyar gida a hankali.